Haɓon Gidan Nomau

A Durum, can ƙasar Damagaram, duk gidan da jini ya ɓalle wa mutum ta hanci, salati ake yi a nemo tsumma da ruwan sanyi. Ban da gidan Nomau. Su kam hamdala suke yi. Haɓo gadonsu ne kaka da kakanni, yaro bai gama famfara ba zai fara, ya kuma bi shi har furfura. In sun manyanta sai ka ga ɗigo-ɗigon ja sun feso musu a leɓe da harshe da kan yatsu. Mutanen gari sun saba, ba mai ko waiwaye in ya ga ɗan gidan zaune gindin katanga ya sunkuyar da kai, ƙasa tana jiƙewa tsakanin ƙafafunsa.

Abin da suka riƙe shi ne, jini ya yi musu yawa a ka, hanci kuwa ƙofarsa ce. Muddin ƙofar na buɗe, lafiya lau. Ranar da ta rufe, to, a tashi tsaye. Kada ka yi musu dariya, don ba da ka suka faɗa ba. Nomau kansa haɓonsa ya ɗauke wata bazara, ana tsakiyar sharar gona ya dafe kai ya faɗi, ko shurawa bai yi ba. Ɗansa Mamman, ƙato majiyi ƙarfi, shi ma hancinsa ya bushe, bai daɗe ba aka tsince shi kusa da turken akuya. Delu, matar Nomau, ta ga fitar gawar miji da ta ɗa daga gida ɗaya. Tun daga nan ta zama mai gadin hancin Rakiya, 'yar da ta rage mata ke nan a duniya.

Rakiya kuwa wanzami ta aura, Alkasum. 'Yan gari suka yi ta tsiya wai Delu ba suruki ta nema ba, ƙaho ta ajiye a gida. Ko ma mene ne, auren ya yi albarka. Alkasum mutum ne shiru-shiru, hannunsa da sauƙi, yakan yi wa jinjiri aski bai farka ba. Ita kuwa Rakiya bakinta ba ya hutawa. Sarkin Aska take ce masa, alhali ba wanda ya naɗa shi, in ya shigo gida ta durƙusa har ƙasa ta yi masa kirari sai ya rasa inda zai sa kansa. Yana sonta ƙwarai, bai dai iya faɗa ba.

Sai ga shekarar da ba a son tunawa. Ruwan shuka ya sauka, aka shuka, gero ya kai gwiwa, sama ta kame. Kullum hadari ya haɗo daga gabas, a fito a tsaya ana kallo, iska ta kwashe shi ta wuce. Hatsi ya ƙone a tsaye. Rumbuna suka koma ɗakunan ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka yi ƙaura. Maza suka gangara kudu neman abin kai wa baka, mata suka shiga tonon gidan tururuwa suna ƙwace ɗan abin da ta tara. Wanzami kuwa, wa zai kira shi? Suna ba rago, aski ba tukwici. Gari duka ya koma kan anza. A tsinko 'ya'yanta a ɓare, a jiƙa ƙwayar, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, a yi ta yi har ɗacin ya fita, sannan ta zama dilon da za a iya haɗiya. Abinci ne mai shan ruwa, ga shi rijiyar cikin gari ta ƙafe, sai wadda ke can fadama, mai zurfin da in ka saki guga sai ka gaji da jira kafin ka ji ya taɓa.

A cikin wannan hali haɓon Rakiya ya ɗauke.

Delu ce ta fara lura. Ta zo da hantsi ta ɗaga tsumman da 'yarta ke sokewa a ƙugu, ta juya shi gaba da baya, fari tas. Ta dubi Rakiya, Rakiya ta kau da kai. Ashe an kwana biyu, ɓoyewa take yi. Kuma ga ciwon kai ya sa ta gaba, gefe ɗaya, bayan kunnen hagu. Ta ce har wani sauti take ji a ciki, shuu, shuu, ba dare ba rana.

Tsohuwa ba ta koma gidanta ba. Ta aika aka ɗauko mata tabarma da buta, ta tare a ɗakin 'yarta. Da Alkasum ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa zai gaishe ta, ta ajiye kunyar surukuta gefe ɗaya.

"Wanzami, ƙofa ta rufe. Ɗauko zabirarka."

"To, Inna."

Shi ma bai yi wata-wata ba, don abin da ya sani ke nan. In jini ya rasa hanya, sai a buɗe masa wata. Ya jiƙa ƙeyar matarsa da ruwa, ya kafa ƙaho ya zuƙe iskar, ya toshe bakin. Da fata ta taso ya cire, ya tsattsaga da aska, ya mayar. Jini ya taru, ya juye a rami ya rufe da ƙasa. Rakiya ta yi ajiyar zuciya ta ce kai ya yi sakayau, har ta yi masa kirari. Ba a jima ba ciwon ya dawo. Ya sake kafawa. Ya dawo, ya sake. Ƙeyarta ta cika da tsaga har ya rasa wurin sa aska, ya koma kafaɗa. Mace mai cin dilo da ruwa, ina ta ga jinin da za ta yi ta bayarwa haka? Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta miƙe sai ta dafa bango. Alkasum yana gani, amma in ya tuna yadda aka ɗauko Mamman sai ya sake wasa aska.

Ran nan tana tsugune gaban murhu, hannunta na dama ya kama rawa shi kaɗai. Ta bi shi da kallo kamar ba nata ba. Kafin ta yi magana ta kife, jiki ya sandare, kumfa a baki. Da ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba. Wannan kam ya fi ƙarfin ƙaho, ko Delu ba ta yi musu ba. Aka yi sa'a kamiyo, babbar motar da ta kawo dawar taimako, zai koma birni ba kaya, Alkasum ya roƙi direba, ya shimfiɗa matarsa kan buhunan wofi.

Damagaram ta cika ta batse da mutanen ƙauye. Suka sauka unguwar Kara-Kara wurin wata gwaggon Rakiya, inda kowane lungu bukkar kara ce da kwali, ta waɗanda yunwa ta koro. Suka yi ta jeka-ka-dawo a gidan likita kafin layi ya zo kansu. Likitan, lokotoro kamar yadda suke ce masa, wani siriri ne mai gilashi, gajiya ta gama cinye masa fuska. Ya ja fatar idon Rakiya ya duba, ya ce ta fito da harshe, ya daɗe yana kallon ɗigon nan ja. Ya tambayi su wa da wa ke haɓo a gidansu, da yadda mahaifinta da wanta suka rasu. Sannan ya ɗauki robar da ake sauraren ƙirji da ita, maimakon ƙirji ya ɗora bayan kunnenta. Ya saurara. Ya yafito Alkasum, ya sa masa a kunne.

Shuu, shuu, shuu. Wallahi ga shi nan, yana tafiya tare da bugun zuciyarta. Duk tsawon lokacin nan Alkasum ya ɗauka yunwa ce ke sa ta jiye-jiye. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya.

Lokotoro ya ce, "A kan kowa jini yana da hanyarsa, daga manyan jijiyoyi ya bi ƙanana a hankali ya koma. A kan matarka ina zaton akwai wurin da suka harɗe kamar zare, fatarsu ba kauri, jini yana dukansu da ƙarfi. Da shi aka haife ta. Ɗan'uwan wannan ɗigon na leɓenta ne, sai dai na ciki ya fi girma."

Alkasum ya ce, "To, ranka ya daɗe, in hancin ya buɗe fa?"

"Hanci daban, wannan daban. Ko kwarya guda ta zubar ta hanci, bai rage wa na ciki komai ba."

"Amma mahaifinta sai da haɓonsa ya ɗauke."

"Haɓo dama yana zuwa yana ɗaukewa. Sau nawa ya ɗauke masa a baya ba abin da ya same shi? Wancan ne kuka riƙe, don shi ne ya zo da mutuwa."

Ya ɗaga ɗankwalinta, ya ga ƙeya. Ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Alkasum ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Lokotoro bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Jinin da ya rage mata bai isa a taɓa ba. In ka sake sa mata aska, kai za ka riga ciwon kashe ta." Ya ce abin da zai leƙa cikin kai ba su da shi a nan, balle hannun da zai shiga ya warware. Ya ba da ƙwayoyin ƙarin jini da na hana faɗuwa. Ya ce ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar kaya a ka.

Alkasum ya ce, "Wannan zai hana shi fashewa?"

"Ban ce zai hana ba. Na ce kada a taya shi."

Da suka koma Durum, Alkasum ya durƙusa ya zayyana wa surukarsa komai, bai rage ba. Delu ta saurara har ya gama, ta tofar da yawu gefe.

"Shi lokotoron, ya taɓa binne ɗan gidan nan?"

"A'a, Inna."

"To ni na binne."

Daga nan gida ya zama wurin zaman doya da manja. Alkasum ya rataye zabira can ƙuryar zaure. Ya ɗauki tulu da gammo ya shiga sahun mata zuwa fadama, abin da ba a taɓa ganin magidanci ya yi ba a garin. 'Yan mata suna ƙunshe dariya, tsofaffin da ke zaune gindin bishiyar bedi suna tambayarsa ko zai karɓi kitso ma. Bai kula ba. Ya jawo ruwa, ya jiƙa dilo, ya zubar, ya koma. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne in ciwon ya taso wa Rakiya, ta riƙe kai da hannu biyu tana murƙususu a tabarma.

"Maigida, don girman Allah, ko guda ɗaya ne. Kaina zai tsage."

"Yi haƙuri, Rakiya. Sha maganinki."

"Me na yi maka?"

Sai ya fita bayan gida ya tsaya yana kallon gonakin da ba komai. Delu kuma ba ta bar maganar a ɗaki ba. Kafin ka ce me, gari ya ɗauka: wanzami ya je birni an juya masa kai, yana kallon matarsa za ta bi ubanta, ga ƙaho rataye. Waɗanda ya yi wa kaciya da hannunsa suka daina gaishe shi da kyau. Rakiya ta daina ce masa Sarkin Aska. In ya shigo sai ta juya fuska bango, wannan ya fi komai ci masa rai.

Haka aka yi ta tafiya har wata safiya. Ya dawo daga fadama ke nan da tulun farko, yana sauke shi, sai ya ji guɗa ta tashi daga ɗaki. Guɗa, a shekarar da ko amarya ba a yi wa! Ya ruga. Ga Rakiya zaune bakin gado ta sunkuya, jini yana ɗiga daga hancinta, ɗis, ɗis, kan tsumma. Delu tana tsaye kanta, hawaye shaɓe-shaɓe, tana ta godiya ga Allah.

"Ta buɗe! Wanzami, zo ka gani, ta buɗe da kanta!"

Maƙwabta suka cika gida ana barka da arziki. Wata ta kawo ɗan garin rogon da take ɓoyo, aka jiƙa aka ba Rakiya. Ita kuwa sai ka ce an sauke mata dutse. Ta ce kai ya yi wasai, ta wanke fuska, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa biki. Ta dubi mijinta ta yi murmushin da ya manta kamanninsa.

"Sarkin Aska, an hutar da kai. Kawo gammon nan."

"Ina za ki?"

"Fadama mana. Ka ishe ni da abin kunya, namiji da tulu. Ga maƙwabciyarmu Kaltuma can za ta tafi, sai mu jera."

"Lokotoro ya ce..."

Ta ɗaga tsumman ta kaɗa masa a fuska. "Lokotoro ya ga wannan?"

Alkasum ya san amsar. Ya ji ta da kunnensa, ya ji sautin nan ta cikin roba, bai manta ko kalma ɗaya ba. Amma mutum ne, kuma ya gaji. Ya gaji da zama mugu a gidansa. Ga mata cike da tsakar gida suna kallonsa, ga tsohuwa tana dariya, ga matarsa ta dawo masa. Kuma can ƙasan zuciyarsa, ɗan Durum ne shi ma, da wannan magana ya tashi. Wata murya ta ce masa, in kuma su ne da gaskiya fa? Ya miƙa mata gammon.

"Ki je ki sha iska. Amma kada ki taɓa guga, kuma Kaltuma ta ɗauko tulun in an cika."

"To, ranka ya daɗe."

Duk wanda ya san Rakiya ya san wannan "to" ɗin. Kaltuma, maƙwabciyarsu, ita ta ba da labari daga baya. Ta ce da suka isa, matan fadama suka yi ta murna, Rakiya ta ce a ba ta igiya ta gwada ƙarfinta. Ta jawo guga har baki tana waƙa. Ta cika tulu, ta hana kowa taɓawa, aka taya ta ta aza. Ba su yi nisa ba ta tsaya cak. Ta ce, "Kaltuma, wani abu ya tsinke." Tulun ya riga ta isa ƙasa.

A cikin zane mata suka kawo ta, rana ta take tsaka. Da rai, amma ɓarin jikinta na dama ya saki, baki ya karkace, magana ta tafi. Ido ɗaya ne ke yawo yana neman mutane. Hancinta kuwa bai daina ɗiga ba. Delu ta zauna ta ɗora kan 'yarta a cinya, tana share jinin da bakin mayafi, tana maimaitawa kamar mai yi wa wani gardama.

"Ai yana zuba. Ku duba, yana zuba fa."

Aka tura mutum bakin hanya ko Allah zai kawo mota, kowa kuwa ya san ba ranar zuwan kamiyo ba ce. Alkasum ya durƙusa gefen tabarma. Bai yi kuka ba, abin ya wuce nan. Yana ta kallon hannunsa, wanda ya miƙa gammo.

Sai ya ji an taɓa shi. Hannun Rakiya na hagu ne, mai sauran rai, yake lalube. Ta kama yatsunsa, ta ja su da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta kai bayan wuyanta ta danna kan tsofaffin tsagar nan. Idon ya tsaya a kansa. Tsoro ne fal a ciki, da roƙo. Ta yi ta roƙonsa da baki ya hana, yau ga shi tana roƙo ba baki.

Ya tashi ya shiga zaure ya sauko da zabira.

Aka juya ta kan cinyar uwarta. Ya jiƙa ƙeya da ruwa, ya yi bisimilla, ya kafa ƙaho ya zuƙa ya toshe. Da ta ji fatar ta kama, numfashinta da ke fizga ya fara daidaita. Ya jira yadda aka saba, ya cire. Nan ne wurin aska. Ya sa hannu cikin zabira ya motsa ƙarafa suka yi ƙara, ya fito da hannun ba komai. Da farcen babban yatsa ya bi fatar, kaɗan-kaɗan, jeri-jeri, yadda aska ke bi. Ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa.

Delu tana kallo. Kanta na bisa nasa, ba abin da ya ɓoyu gare ta. Da ya ɗaga ƙahon ya karkata shi kamar mai juyewa, ta ga cikinsa a bushe ƙayau. Ta buɗe baki. Alkasum ya ɗago suka haɗa ido, abin da bai taɓa yi da surukarsa ba tun da ya auri 'yarta. Tsohuwa ta dubi ƙahon, ta dubi jinin da ke mayafinta, ta dubi fuskar Rakiya da ta saki, idon ya lumshe rabi, yatsunta sun daina damƙar tabarma. Ta sunkuya daidai kunnen 'yarta, ta ɗaga murya yadda za ta ji sosai.

"Ga shi nan yana fita, Rakiya. Baƙi ƙirin, duk ya fito. Kwanta abinki, 'yar nan."

Alkasum ya sake jiƙa wurin ya kafa. Haka suka yi ta yi su biyu, shi yana kafawa, ita tana faɗin abin da ya fito, har aka kira la'asar. Kafin a idar da salla Delu ta sa tafin hannu ta rufe wa Rakiya idon.